In Sitiyari Ya Yi Tauri Ya Saki, Ba Warkewa Ya Yi Ba

A cikin dukan cututtukan da ke kama mota, babu wanda ya kai mai zuwa yana tafiya iya yaudarar mai ita. Motar da ta ƙi tashi da safe ta hutar da maigida, domin ya san dole ne ya nemi bakanike, yara kuma su bi wata hanya zuwa makaranta. Amma motar da sitiyarinta ya yi tauri jiya a shataletale, yau kuma aka wayi gari ya yi laushi kamar ba a yi komai ba, ita ce ke sa maigida ya ce ai ta warke, ya ɗebi iyali ya hau titi. To, ƙarfe ba ya warkewa da kansa. Abin da ya jawo taurin yana nan maƙale, yana jiran yanayin da ya tashe shi jiya ya sake dawowa, kuma ba ya shawara da direba a kan inda za su gamu. Yana iya zama a ƙofar gida a nan Sabangali, yana kuma iya zama a kan gadar kogin Shari, hanyar Waliya, da almuru, sa'ad da babura suka cika titi.

Yadda sitiyari ke samun taimako

Dattawan direbobi sun san zamanin da ake murɗa sitiyari da ƙarfin damtse kawai. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Francis Davis ne ya ƙera na'urar taimakon sitiyari mai aiki da mai a shekarar 1926, amma sai a 1951 kamfanin Chrysler ya fara sayar da motar gida mai ɗauke da ita. Abin da takardun mota ke kira direction assistée da Faransanci ke nan. Yau da wuya a sami motar gida da ba ta da shi, kuma iri biyu ne suka fi yawa.

Na farko mai aiki da mai ne. Akwai famfo a jikin inji wanda bel ke juyawa, yana tura man sitiyari da ƙarfi ta cikin tiyo zuwa sandar da ke karkatar da tayoyin gaba. Direba ya murɗa kaɗan, mai ya ƙarasa aikin. Mafi yawan tsofaffin motoci da motocin ɗaukar kaya irin wannan suke da shi, kuma alamarsa ita ce ɗan gwangwanin mai da ake gani in an ɗaga murfin inji.

Na biyu mai aiki da lantarki ne, wanda ya fara fitowa a wata ƙaramar motar Suzuki a Japan a 1988, yanzu kuwa shi ne a galibin ƙananan motoci. Ba shi da famfo, ba shi da mai. Wata na'ura ce a jikin sandar sitiyari ke jin ƙarfin da hannun direba ya sa, ta sanar da ƙaramar kwamfuta, ita kuma ta umarci ɗan injin lantarki ya taya direba murɗawa. Akwai kuma ruwa biyu, wato mai aiki da mai amma lantarki ke juya famfonsa.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne, a irin motocin da ke yawo a titunanmu, ƙarfe ne ya haɗa sitiyari da tayoyi. Mai da lantarki 'yan taya aiki ne kurum. In sun ɗauke, haɗin yana nan, motar tana juyuwa, sai dai da nauyi mai yawa. Direbobi da dama kan ɗauka sitiyarin ya kulle ne, su firgita su daina ja, alhali da sun ƙara ƙarfi da motar ta bi su.

Abin da ke sa taurin ya zo ya tafi

A mai aiki da mai, babban dalili shi ne ƙarancin man. In tiyo ko roba ta fara yoyo, man yakan ragu har ya kai matsayin da famfo ke zuƙar mai wani lokaci, wani lokaci kuma iska. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, amma da an sha kwana mai ya karkata gefe guda, sai sitiyari ya yi nauyi, a ji famfo yana gurnani. Dalili na biyu bel ne da ya tsufa ko ya saki. Yakan riƙe in yana bushe, amma da damina, da an ratsa ruwan da ya kwanta a titi, sai ya jiƙe ya riƙa sulɓewa na ɗan lokaci, yana ƙara mai kama da kukan ɗan tsako. Wanda ya san yadda ungwannin Njamena ke cika da ruwa a watan Agusta, ko ya tuna ambaliyar Shari da Logon ta 2022 da ta 2024, ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Na uku, man da ya daɗe ya yi baƙi ya tara datti, wanda ke toshe ƙananan ƙofofin famfo ya sake buɗewa.

A mai aiki da lantarki kuwa, sau da yawa laifin ba na sitiyarin ba ne, na wutar mota ne. Ɗan injin nan yana jan wuta mai yawa, musamman in ana juya mota a tsaye. In batir ya raunana, ko na'urar cajinsa ta gaza, ko kan batir ya yi tsatsa, ko wayar da ke haɗe da jikin mota ta saki, sai wuta ta yi ƙasa, kwamfuta ta yanke taimako. Batir mai lafiya yakan nuna wajen bolt 12.6 in mota tana kashe, in tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Zafi ma yana da hannu. An tsara kwamfutar ta rage taimako in ɗan injin ya ɗauki zafi, don kada ya ƙone, ta mayar in ya huce. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, kuma ake yawan murɗa sitiyari cikin rairayi da lunguna, hakan ba ya wuyar faruwa. Haka nan na'urar jin ƙarfin hannu takan lalace a hankali, ruwa da ƙura kuma sukan shiga mahaɗar wayoyi. A irin wannan hali wata fitila mai hoton sitiyari kan kunnu a gaban direba. Sau da yawa in an kashe mota an sake tayarwa sai fitilar ta mutu, taimako ya dawo. Nan ne yaudarar take, domin kwamfutar ta sake farawa ne kawai, lahanin bai je ko'ina ba.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi iri biyun: mutuwar inji ana cikin tafiya. Gurɓataccen fetur, ko toshewar matatar mai, ko makullin da ya goge, duk suna iya kashe inji farat ɗaya. Mai aiki da famfo nan take yake rasa taimako, mai lantarki ma yana rasawa in makulli ya juya ya yanke wuta. A lokaci guda birki ma yana yin tauri, domin shi ma daga inji yake samun taimako. Saboda haka al'adar nan ta kashe inji a gangare don tsimin fetur wasa da rai ce.

Sai dai a bambanta tauri da sakwarkwacewa. In sitiyari yana lilo, ana murɗawa tayoyi ba sa amsawa nan da nan, ko ana jin ƙwanƙwasa a ƙarƙashi in an faɗa rami, wannan ciwon mahaɗan ƙarfe ne, kuma ya fi tauri muni, domin in mahaɗi ya cire babu ƙarfin damtsen da zai yi amfani. Motar da ke haka ba ta da hurumin hawa titi sai an gyara.

Abin da ya faru a Amurka

Kada mai karatu ya ɗauka talaucinmu ko halin titunanmu ne kaɗai ke jawo wannan sakaci. Kamfanin General Motors, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera motoci a duniya, ya faɗa irin wannan rami. A farkon 2010 hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike bayan ta karɓi ƙorafi sama da 1,100 daga masu motar Chevrolet Cobalt, cewa taimakon sitiyari yana ɗaukewa ana cikin tafiya, in an sake tayar da mota ya dawo. A watan Maris na shekarar kamfanin ya kira motoci wajen miliyan 1.3 domin a canja musu ɗan injin sitiyari. A Maris na 2014 ya sake kiran wasu kimanin miliyan 1.3 a Amurka saboda irin wannan lahani.

Mafi muni shi ne batun makulli. A wasu ƙananan motocin kamfanin, wurin sa makulli ba shi da ƙarfin riƙewa. In direba ya rataya tarin makullai masu nauyi, ko gwiwarsa ta taɓa su, ko motar ta faɗa rami, sai makulli ya juya da kansa ya kashe inji. Taimakon sitiyari da na birki su ɗauke, jakar iskar da ke kare ƙirji in an yi karo ita ma ta ƙi buɗewa. Injiniyoyin kamfanin sun san da wannan tun wajen 2004, amma suka lissafa shi cikin abubuwan da ke ɓata wa mai saye rai kawai, ba cikin masu halaka mutane ba, tunda ai motar tana sake tashi. A 2005 suka wadatu da shawartar dillalai su gaya wa masu motoci su rage nauyin makullai. Sai a 2014 aka kira motoci miliyan 2.6. Shugabar kamfanin, Mary Barra, ta gurfana gaban majalisar dokokin Amurka, aka sallami ma'aikata 15, asusun diyyar da lauya Kenneth Feinberg ya jagoranta ya amince da mutuwar mutum 124, kuma a 2015 kamfanin ya biya gwamnati dala miliyan 900.

Kuskuren waɗannan injiniyoyi shi ne ainihin kuskuren maigidan da ke cewa ai in an kashe an kunna tana dawowa daidai. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wasiƙar da ba ta isowa Sabangali

Ba lallai ne a ga Cobalt da yawa a titunan Njamena ba, amma Toyota kam ba a maganarta. A watan Nuwamba na 2012 kamfanin Toyota ya kira motoci miliyan 2.77 a faɗin duniya, galibinsu saboda wani mahaɗi a sandar sitiyari da ƙarfensa bai yi ƙwari sosai ba, yana iya gogewa in ana yawan murɗa sitiyari da ƙarfi har ƙarshe a tafiyar sannu. Cikinsu akwai wasu Corolla da Avensis da Prius ƙirar shekarun 2000. Kamfanin Ford ma a 2014 ya kira motocin Escape da Mariner sama da 900,000 saboda na'urar jin ƙarfin hannu da ke sa taimako ya ɗauke.

A ƙasashen da aka fara sayar da motocin, kamfani yakan aika wa mai mota wasiƙa, ya kai ta a gyara kyauta. Mu kuwa akasarin motocinmu na hannu ne. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Motar da ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ta yi tafiyar kilomita wajen 1,800 ta Ngaundare da Garwa da Marwa har Kusuri, ta haye gadar Ngeli, ko wadda ta biyo ta Kwatano, ta riga ta ratsa hannaye da yawa. In mai ita na farko bai kai ta gyara ba kafin ya rabu da ita, to wasiƙar tana can a gidan da ya bari, lahanin kuma yana nan a ƙofar gidanmu.

Duk da haka akwai dabara. Galibin motoci suna da lambar jiki mai haruffa da lambobi 17, wadda ake samu a carte grise, da gindin gilashin gaba, da jikin ƙofar direba. In motar daga Amurka ta fito, ana iya sa wannan lamba a shafin intanet na NHTSA, ya nuna ko akwai kiran gyaran da ba a amsa ba. Manyan kamfanoni ma suna da irin wannan shafi ga motocin Turai. Aikin minti kaɗan ne ga yaron gida mai waya a hannu, kuma yana gaya wa bakanike inda zai fara dubawa.

In abin ya faru ana cikin tafiya

Da farko, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ja shi da ƙarfi zuwa inda ake so. Zai yi nauyi, musamman in tafiyar sannu ce ko ana shan kwana, amma zai juyu. Sai dai a kula, domin taimakon yana iya dawowa kwatsam alhali direba yana ja da iyakar ƙarfinsa, motar ta zarce inda aka nufa. Don haka a ja a hankali ba tare da fizga ba.

Na biyu, a ɗaga ƙafa daga totur, a taka birki sannu. In an ji birkin ma ya yi tauri, alama ce inji ya mutu. A nan kada a riƙa takawa ana saki, domin taimakon da ya rage bai wuce na taku ɗaya ko biyu ba. A danne shi da ƙarfi a riƙe. Birkin hannu yana taimakawa in an ja shi kaɗan kaɗan, amma fizgarsa da gudu na iya juya mota.

Na uku, kada a kuskura a murɗa makulli baya ko a zare shi mota tana tafiya. A motoci da yawa yin haka yana kulle sitiyari kullewa ta gaskiya, wadda babu mai iya murɗawa.

Na huɗu, a kunna fitilun gargaɗi masu ƙyaftawa, a yi hon domin masu babura da masu tafiya a ƙasa su ankara, a gangara gefen titi a tsaya. Bayan an tsaya sai a duba: akwai mai a ƙasa? Bel yana nan? Wace fitila ce ta kunnu? In ya zama dole a matsa da motar, a tafi da ita sannu zuwa gareji mafi kusa, ba tare da iyali a ciki ba.

A gaban bakanike

Wahalar ciwo mai zuwa yana tafiya ita ce yakan ɓuya ranar da aka kai shi gaban mai magani. Bakanike ya zagaya da mota ya dawo ya ce, “Alhaji, ai lafiyarta ƙalau.” Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya gani ya faɗa. Saboda haka aikin mai mota ne ya zo da cikakken bayani: da safe abin ya faru ko da rana tsaka, inji da sanyi ko da zafi, bayan an ratsa ruwa ko a busasshiyar hanya, kwanar dama ko ta hagu, an ji ƙara ko ba a ji ba, na'urar sanyaya mota da fitilu suna kunne ko a kashe. In da hali a ɗauki hoton fitilar da ta kunnu bayan an tsaya.

In motar mai lantarki ce, a nemi bakaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar mota, domin kwamfutar takan adana lambar lahani ko da fitila ta mutu. A roƙe shi ya rubuta lambar kafin ya goge, kuma a tuna cewa goge lamba ba gyara ba ne. A fara da auna batir da caji da duba wayoyi kafin a kai ga sayen kaya masu tsada. In mai aiki da mai ce, a nemo inda take yoyo a toshe. Ƙara mai kowane mako ba ya maganin tiyon da wata rana zai fashe gaba ɗaya. A zuba irin man da aka rubuta a murfin gwangwanin ko a littafin motar, domin ba kowace mota ke shan iri ɗaya ba. Man birki ko baƙin man inji ba su da wuri a nan, suna lalata robobi. Kayan gyara na hannu kuwa a gwada su sosai, domin araha ba ta ado. Haka nan takardar visite technique shaida ce ta ranar da aka duba motar, ba ta ɗauke wa mai ita nauyin sauran kwanaki.

Rigakafin ba shi da tsada: duba man sitiyari da bel sau ɗaya a wata, tsabtace kan batir, daidaita iskar tayoyi domin taya mai ƙarancin iska tana ƙara nauyin sitiyari, daina danne sitiyari a ƙarshensa na tsawon lokaci, da raba makullin mota da tarin makullan gida da na shago.

Haƙƙin iyali da na mai saye

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 suka rasu a haɗarin hanya a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar a yankin Afirka ne, alhali yankin yana da kashi 3 cikin 100 ne kacal na motocin duniya. Gudu da rashin kyawun hanya suna da babban kaso a ciki, amma lafiyar motar ita ce ɓangaren da ke hannun kowane gida.

Lahanin mota ba sirrin maigida ba ne. Duk mai tuƙa ta, uwargida ce, ko babban ɗa, ko maƙwabcin da ya zo aro, yana da haƙƙin a gaya masa. Nauyin da ƙaƙƙarfan namiji zai iya murɗawa yana iya gagarar dattijo ko sabuwar direba. Direban gida kuma in ya kawo ƙorafi a saurare shi, kada a ɗauka neman kuɗin gyara yake yi, domin in aka saba gwale shi zai koyi yin shiru. Uwargida ma in ta ji maigida ya ambaci taurin sitiyari, tana da ikon cewa yara ba za su shiga ba sai an duba.

Wani kuma in ya gaji da motar sai ya wanke ta ya kai kasuwa ranar da take lafiya. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani a hajarsa, ɓoye shi ha'inci ne, kuma mai saye yana da damar mayarwa in ya gano. In haka hukuncin yake a kan tufa da dabba, ina ga aibin da zai iya cin ran mai saye da iyalinsa da wanda ke tafiyarsa a gefen hanya? A faɗi gaskiya, a rage kuɗi, ciniki ya yi albarka.

Taurin farko gargaɗi ne, kuma ba kowa ke samun na biyu ba. Wanda ya ji shi ya ajiye motar ya kira bakanike tun yau, ko da zai yi mako yana hawan motar haya. Kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya, amin.